Rabin Fuskar Baba

Hoton Baba guda ɗaya ne tak a duniya, kuma shi ruwa ya ga damar ci. Rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, ruwa ya shiga akwatin Inna, ya kwana uku a ciki ba wanda ya sani. Da aka zaro hoton, gefen hagu na fuskar ya tafi tun daga gira har haɓa, sai wani fari-fari kamar an goga alli. Gida cike da wayoyi, kowa na ɗaukar hoton abincinsa da takalminsa, amma ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar wannan. Har da ni, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ni ne auta, ni ne kuma mai aiki a shagon buga kati da kalanda, don haka ba a ma tambaye ni ba. Yaya, babban wanmu, ya ajiye min hoton cikin ambulan a kan tebur.

"Ba kai ne ɗan kwamfuta ba? Gyara shi. Inna ta daina cin abincin kirki."

Shekarata uku Baba ya rasu. Ban san fuskarsa ba sai a wannan hoton, shi ma sau biyu ko uku na gan shi, don Inna ba ta son a riƙa jagwalgwala mata shi.

Na sa shi a sikana, na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, na buɗe shi a manhajar gyaran hoto. Tabon ruwa da karce ba komai ba ne, kwana ɗaya na share su. Ramin fuskar ne aiki. Sai na yi abin da duk mai sana'ar nan yake yi: na kwafi gefen dama mai lafiya, na juya shi, na manna a hagu, na daidaita haske da inuwa. Fuska ta fito sumul. Har na jingina da kujera ina yaba wa kaina.

Kuskurena shi ne tura wa 'yan gida su gani.

Yaya ya kira ya ce gemun ya yi kaɗan, Baba mai cikar gemu ne. Na ƙara. Anti, yayarmu mace, ta turo saƙon murya na minti shida, wai Baba ya fi haka haske, kuma a cire layukan goshin nan, sun tsufar da shi. Na cire. Baffa, ƙanen Baba, ya zo shago da kansa, ya ja kujera ya zauna a bayana yana numfashi a wuyana.

"Hancin nan ja shi. Ƙara. Mu gidanmu ba a gajeren hanci."

"Baffa, hancin ai bai lalace ba. Haka yake a hoton."

"To mai hoton ne bai iya ba. Ja shi."

Na ja. Kafin mako ya ƙare ina da fayil goma sha huɗu, kowanne da sunan wanda ya sa aka yi shi. Mai shago ya fara tambayata ko katunan mutane za su buga kansu ne. Kowa ya san Baba sai ni, amma ba mutum biyu da suka san Baba iri ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauki kwamfutar na kai wa Inna. Tana zaune a bakin gado, ta sa tabarau. Na buɗe na goma sha huɗun. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan wane bawan Allah ne?"

"Inna, Baba ne mana."

"Uban wa? Kyakkyawa dai ne, Allah ya bar shi da matarsa."

Na koma na goma sha uku, na goma sha biyu, har na dawo na farko, wanda ba gemun Yaya, ba hasken Anti, ba hancin Baffa. Ta girgiza kai.

"Wannan ya ɗan kusa. Amma gefen nan ba nasa ba ne. Wa ya ce maka fuskar ubanka iri ɗaya ce hagu da dama?"

"To yaya take?"

"Ba haka take ba."

"Na ji. Idon ya fi ƙanƙanta? Akwai tabo? Bakin ya karkace?"

"Ba tabo. Kawai dai... ba haka ba."

Nan fa na ƙule. Mako guda ban huta ba, idona har yaji yake yi, aikina na neman kuɓuce min, kuma wadda ta fi kowa sanin mutumin ba ta da abin ba ni sai "ba haka ba". Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na dai rufe baki na kalle ta.

Sai ta cire tabarau.

"Tsaya. Kar ka motsa."

"Inna, don Allah..."

"Na ce kar ka motsa. Ba ni wayarka. Ina ake dannawa?"

Ta ɗauke ni hoto sau uku kafin ɗaya ya fito ba yatsanta a ciki. Na duba. Girar hagu ta ɗage sama, idon ya ɗan tsuke, gefen baki ya ja ƙasa. Ban taɓa sanin haka nake ba, don ba wanda ke ɓata rai a gaban madubi.

"Ranar da aka ɗauki hoton nan ba ya so," in ji ta. "Ni na matsa masa. Ina tsaye bayan mai hoto ina ce masa ya gyara wuyan riga, ya ɗaga kai, ya saki fuska. Wannan kallon ya yi min."

A nan bakin gadon na yi aikin. Na yanko gefen hagu na fuskata, na mayar da shi baƙi da fari, na ɗora a ramin, na rage kaifinsa ya yi daidai da tsufan takardar. Da na gama, wani mutum da ya gaji da surutun matarsa ya kalle ni daga allon, kuma a karo na farko a rayuwata na ji kewarsa.

Inna ta matso da kwamfutar kan cinyarta. Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ji shi," ta ce. "Har yanzu bai gyara wuyan rigar ba."