Awon Kara

"Tiya goma sha biyu ta wake, Alhaji," in ji Mati, mai sayar da tsofaffin kayan kwamfuta a kasuwar Tsanyawa.

"Ya yi tsada. Takwas."

"Haba, Baba Badaru, wannan fa ba kaza ba ce. To na sallama a tara, amma in ya bar rumfar nan ba ya dawowa."

Na ce na yarda, muka tafa. Shekarar da aka canja kuɗi ce, takardar naira ta ɓace daga hannun mutane, ciniki ya koma na hatsi.

Abin da na saya haddis ne, wani ƙarfe kamar tafin hannu wanda kwamfuta ke ajiye komai a cikinsa. Na laftof ɗin 'yata Hafsatu ne ya mutu. Laftof ɗin kuwa mijinta Tasi'u ne ya bar mata da ya rasu, da shi take buga wa mutane takardu tana ci da 'ya'yanta uku. Hedimastan firamarenmu ya ba ta aikin buga jarrabawa, kwana goma, in ba ta gama ba zai kai Bichi.

Da zan fito ta miƙo mini mataccen, ta ce, "Baba, tafi da shi a gwada."

Na ƙi. Shekara arba'in ina bin kasuwanni, na san in mai kaya ya ga lalataccen abu a hannunka ya gane kana cikin matsi, sai ya ɗaga kai. Na tsinko sillen kara, na auna tsawo na karya, na auna faɗi na karya, na jefa a aljihu. Haka nake sayen komai, daga ƙotar garma har ƙyauren ɗaki. A rumfar Mati ma sai da ya juya baya na ɗora karan. Ya yi daidai cif.

Bayan la'asar Hafsatu ta shimfiɗa tabarma, ta kwance bayan laftof ɗin. Sabon ya zauna a gurbinsa, amma ya ƙi shiga. Ta jera su biyu a gabana. Bakin tsohon haƙora ne sirara a jere kamar na mataji. Bakin sabon shafe yake, leɓe biyu kawai.

"Baba, bakin ba ɗaya ba ne."

"A ɗan danna mana."

"Zai karye."

Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da kusoshin ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe laftof ɗin a zani, ta tashi ta hura wuta.

Kasuwa ta zagayo na koma, wannan karon da tsohon a hannu. Mati ya jujjuya shi.

"Ai irin na da ne. Ina da guda ɗaya ranar nan, da ka nuna mini. Wani malami ya ɗauka. Yanzu sai Kano, ko can ma sai an tona."

"A karɓi naka."

"Baba, da bakinka ka yarda."

Haka ne kuwa. Waken da ya rage a rumbu na iri ne, ba a taɓa shi. Na hau mota na dawo.

Mati ya ci tiya tara. Mai shago a Bichi ya samu aikin jarrabawa, da na zangon da ya biyo baya. Hafsatu ta rasa, ta koma surfe a gidajen mutane. Ni kuma ina da haddis lafiyayye a kan taga, yana danne takardun asibiti kada iska ta kwashe.