Ɗigon Farin Fenti

Motar ta yi ta gurnani kamar tsoho mai tari, amma ta ƙi tashi. Daga tsallaken titi, Babba yana zaune a ƙofar garejinsa da ƙura ta rufe, yana kallon ƙaninsa Auta ya dulmiya kai cikin inji. Rabon da ya ji daɗi irin na yau har ya manta.

Shi ya raini Auta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya fara damƙa masa sifana. Yanzu ga yaron ya buɗe nasa garejin, motoci na layi a ƙofarsa, shi kuwa Babba sai korar ƙuda. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Mai Motoci, mutumin da ya shekara da shekaru yana kawo masa motocin hayarsa, shi ma ya koma wajen Auta. Wannan ce motar farko da ya ba shi gwaji. In ta tashi, sauran ma nasa ne.

Babba ya shafa aljihunsa. Rilen motar yana ciki, ɗan baƙin abu kamar akwatin ashana, wanda ke sakar wa inji wuta. Da sassafe ya buɗe garejin ƙanin nasa da makullin da Auta ya ba shi ajiya, ya zare sabon, ya cusa matacce a gurbinsa.

* * *

Auta ya kwance fulogi, ya jingina shi a jikin inji, ya ce wa direba ya murɗa makulli. Ko ƙyas, babu tartsatsi. Ya duba batir, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya sauya koyil. Rilen kuwa ko kallonsa bai yi ba, tunda jiya da hannunsa ya sa sabo.

"Malam, in ba za ka iya ba ka faɗa mini," in ji Mai Motoci, yana karkaɗa ƙafa. "Fasinja ba sa jiran koyo."

Babba ya gyara zama, yana jira ya ga an ja motar an kawo masa. Sai ya ga Auta ya share gumi, ya tsallako titi, ya durƙusa a gabansa kamar yadda yake yi tun yana ƙarami.

"Yaya, ta fi ƙarfina. Ka zo ka rufa mini asiri."

A gaban Mai Motoci ma bai ɓoye ba. "Wannan shi ne ubangidana, ranka ya daɗe. Duk abin da na sani, ragowar hannunsa ce."

Maganar ta soki Babba, amma daɗin ganin an dawo gare shi ya danne kunyar. Ya zagaya motar yana taɓe baki, ya ƙwanƙwasa nan, ya jijjiga can, don kada a ce abin ya zo da sauƙi. Sannan ya zare mataccen rilen.

"Yaran zamani! Kun iya gudu, ba ku iya rarrafe ba. Miƙo hannu, ina da wani a aljihu."

Ya ajiye shi a tafin Auta. Auta ya juya shi don ya saita ƙafafunsa, sai ya tsaya cak. A ƙasan rilen akwai ɗigon farin fenti. Duk kayan da ya sa wa mota sai ya ɗiga masa wannan alama, don gudun masu musanya. Babba ne ya koya masa haka, kuma Babba ne ya manta.

Auta ya ɗago ya dubi yayansa. Sannan ya juya ga motar. Ya danna rilen a gurbinsa, direba ya murɗa, mota ta tashi tangaram.

"Tsohon hannu daban ne!" in ji Mai Motoci yana dariya. "Babba, gobe a kawo maka sauran."

"Na gode, Yaya," in ji Auta, muryarsa can ƙasa.

* * *

Washegari motoci suka cika ƙofar Babba. Ya yi ta satar kallon tsallaken titi, yana jiran Auta ya zo gaisuwar safe kamar kullum, har rana ta take. Auta bai zo ba. A ƙofar garejin Auta wani sabon kwaɗo ne ke ƙyalli.

Babba ya sa hannu a aljihu zai ɗauko sifana, sai yatsunsa suka ci karo da tsohon makullin.