Bakin Tasalla

Tun ba a dawo daga maƙabarta ba magana ta gama layin: surukar Tasalla mai ƙosai, Shahida, ita ta zuba mata wani abu a kunu. Hujjarsu bakin marigayiyar. Masu wanka sun ga harshe fari fat kamar an shafa kindirmo, dasashi jawur, haƙoran gaba duk sun ruɓe. Rilwanu, ɗan Tasalla kuma mijin Shahida, har ya ce ana yin bakwai Shahida ta tattara ta koma gidansu Roni.

Malama Dela, maƙwabciyarsu, tsohuwar shugabar firamare ce a Kazaure, kuma abin da kowa ya yarda da shi, shi ta fi zargi. Ranar uku ta iske Shahida a bayan madafa tana wanke kofuna, ba mai ko yi mata gaisuwa.

"Ke 'yar nan, tun yaushe bakin Inna ya yi fari?"

"Tun da aka ba ta abin shaƙa na asma, Malama. Likita ya ce in ta shaƙa ta kurkure baki. Ita kuwa sai ta ce wa ya taɓa shan magani ya bi shi da wanki."

"Ina abin yake?"

Shahida ta dubi zaure inda Rilwanu ke zaune da maza, ta ci gaba da wanke-wanke.

Malama Dela ta sa aka kirawo mata Rilwanu daga cikin masu zaman makoki.

"Ina abin shaƙar mahaifiyarka?"

"Malama, ai shi ke cinye mata baki. Kowa ya faɗa. Baba Hamma, ƙanin babana, shi ma ya ce a raba ta da shi."

"Guda biyu ne, na kullum da na in ciwon ya tashi. Wanne ka ɗauke?"

"Duka," ya ce, ya kuma gaya mata inda ya ɓoye su.

"To in shi ya cinye bakin, Shahida me ta yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Don Allah Malama, kada mutane su ji."

"Na matarka dai suke iya ji, ko?"

Ta gyara mayafi, ta dogara sanda har bakin zaure, ta yi sallama. Maza suka tsaya da hira.

"Ba wanda ya ba Tasalla komai," ta ce. "Asma ce ta taso mata da hantsi a bakin kasko. Shahida ta birkice ɗaki tana nema, abin shaƙar kuwa yana ƙarƙashin kujerar babur ɗin Rilwanu, a kasuwar Babura."