Kwando na Goma Sha Bakwai

"Ki yanke shi," in ji Manaja. "Ni na ce."

Mai lantarki ta dubi almakashin ƙarfen da aka ajiye a gabanta, ta dubi ɗan kwaɗon tagullar da ke rataye a jikin akwatin wutar Babban Lilo, ba ta miƙa hannu ba.

"Yallaɓai, kwaɗon Baba Kunne ne. Ka san dokar wurin nan, wanda ya kulle shi ke buɗewa. Ban san abin da ya gani ba."

"Me zai gani? Wata uku muna rufe. An sauya birki, an sauya bel, an yi fenti. Injiniya ya zo ya sa hannu. Ƙarfe huɗu za a buɗe ƙofa, makarantu uku na tafe da yaransu."

"Injiniya Litinin ya zo, Yallaɓai. Kwaɗon nan Talata aka sa shi."

Ma'aikata sun yi cirko-cirko a gindin lilon. Shi ne abin alfaharin filin wasan, ga shi nan tsaye kamar ƙatuwar tayar keke, da kwanduna ashirin da huɗu masu ɗaukar mutum shida-shida, ja wur yana ɗaukar ido. Mai fenti na can baya da bokiti a hannu, bai ɗaga kai ya kalli aikin nasa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi kuwa tun da aka ambaci Talata ya ƙi haɗa ido da kowa.

Baba Kunne shi ne tsohon makaniken wurin, shekara talatin da ɗaya yana bin ƙarafan nan. Da 'yar guduma yake aiki, ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne, nan sunan ya samo asali. Ba ya rubutu. In ƙarfe ya amsa masa da muryar da bai yarda da ita ba, sai ya zagaye wurin da farin alli, ya sauko ya rataya kwaɗonsa a akwatin wuta, washegari ya kamo mai walda ya kai shi har wurin. Littafinsa ke nan gaba ɗaya.

To ranar Talata da yamma, Mai fenti na ta sauri don Manaja ya tsaya masa a wuya, sai ya tarar da da'irar alli a jikin sandar da wani kwando ke rataye. Fenti ba ya kama alli. Ya ce wa kansa ai tsohuwar alama ce, ya sa tsumma ya goge, ya bi da ja. Ya yi niyyar tambayar tsohon da safe, tunda bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu. Da safen ne kuwa Baba Kunne ya sunkuya zai ɗaura takalmi a tsakar gida, ya kife, bai sake magana ba. Yau Asabar. Kwana huɗu ke nan Mai fenti na riƙe da maganar a cikinsa, kuma abin takaicin, ya manta ko wane kwando ne. Duka sun zama ja iri ɗaya.

"Kai, Mai fenti," in ji Manaja, "ba maƙwabcinsa ba ne? Je ka karɓo makullin. In sha biyu ta yi ban gan ka ba, da hannuna zan yanke."

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere. Takalman aikin Baba Kunne na nan a bakin ƙofa, ɗaya a ɗaure ɗaya a kwance, ba wanda ya yi ƙarfin halin kawar da su. Mai fenti ya yi sallama ya ɗaga labule. Fanka na juyawa a hankali tana kaɗa warin magani. Jiya asibiti suka sallamo tsohon, sun ce a kai shi gida ya huta, kowa kuma ya gane abin da suke nufi.

Inna, matar tsohon, na zaune a bakin gado tana jiƙa masa leɓe da auduga.

"Shigo, ɗana. Ga abokin faɗanka nan." Ta gyara masa matashi. "Shekara arba'in ina roƙon Allah ya sa mutumin nan ya yi mini shiru ko na minti biyar ne. Ga shi an amsa, kuma ban so ba."

Mai fenti ya durƙusa. Rabin fuskar tsohon ya zube, hannun dama na kwance kamar ba nasa ba. Na hagun kuwa a dunƙule yake a kan ƙirji, zaren makullin ya leƙo ta tsakanin yatsu. Wannan ne mutumin da kullum da safe yake buga masa bango yana cewa, "Tashi, mai yi wa ƙarfe kwalliya, mu je ka rufe abin da na tona." Yanzu idanu kawai suka rage, su ma sun yi nisa.

"Makulli aka aiko ka karɓa ko?" in ji Inna. "A aljihunsa na same shi, tun da na sa masa a hannu ya ƙi saki."

"Shi ne, Inna." Tsoro yake ji, kunya kuma ta fi tsoron. "Baba, ni ne. Baba, na yi ɓarna. Allin da ka sa ranar Talata, ni na goge, na bi da fenti. Ban faɗa wa kowa ba. Yau ƙarfe huɗu za su ɗora yara."

Inna ta daina abin da take yi. Idanun tsohon suka dawo daga inda suke, suka sauka a kansa. Leɓen ya motsa, wani gurnani ya fito, ba kalma a ciki.

"Na manta kwandon, Baba. Zan ƙirga. In na zo kansa ka matse ni."

Ya cusa yatsu biyu cikin hannun nan mai riƙe da makulli, ya soma. Ɗaya. Biyu. Yana faɗa yana jira, yana kallon ƙirjin da ke hawa da sauka da ƙyar. A kan tara numfashin ya tsaya, ya tsaya har Inna ta miƙe, sannan ya dawo da wani ƙara kamar ana jan kujera. Mai fenti ya ci gaba. Sha huɗu. Sha biyar. Gumi na bin bayansa. Sha shida. Sha bakwai.

Yatsun suka matse shi. Ba da ƙarfi ba, amma sun matse.

"Sha bakwai, Baba?"

"Kada ka ɗora rai a kai, ɗana," in ji Inna a hankali. "Haka hannun nan yake yi tun jiya. Ni ma in na riƙe shi sai ya dinga matse ni yana saki. Likita ya ce jijiya ce kawai."

Ya so ya sake ƙirgawa don ya tabbatar, amma idanun sun rufe, hannun ya saki. Makullin ya zame ya kwanta a kan bargo, kusa da gwiwarsa. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da rabi.

"Ɗauka in shi zai tsare maka aikinka," in ji ta. "Kana da iyali."

Da ya ɗauka, da shi ke nan. Ya kai wa Manaja, a buɗe, a kunna, ba wanda zai taɓa sanin zancen alli. Wataƙila ma tsohuwar alamar ce da gaske. Ya daɗe yana kallon makullin. Sai ya mayar da shi cikin tafin tsohon, ya naɗe yatsun a kai, ya fita da gudu.

Ya tarar da Manaja da almakashin a hannu. A gaban kowa ya faɗa, tun daga tsumma har matsar hannun, bai rage komai ba.

"Wato," in ji Manaja, muryarsa ƙasa-ƙasa, "kwana huɗu kana kallona ina buga takardun gayyata. Yanzu kuma so kake in tsayar da komai saboda hannun mutumin da bai san inda kansa yake ba ya motsa."

"Rabin awa, Yallaɓai. In ban samu komai ba ka yanke, ka kore ni."

"Korar ka ai ba sai ka roƙa ba."

Amma bai yanke ba. Manajan ba mugu ba ne, mutum ne da aka ɗora wa ranar buɗewa a ka, na sama da shi kuma ba sa jin uzuri. Ya dubi agogo ya ce rabin awa.

Aka saki birki, ƙarti shida suka dinga tura lilon da hannu har kwando na sha bakwai ya sauko. Mai fenti ya hau tsani da magogin ƙarfe ya shiga kankare aikinsa. Jan fentin na zubowa a fuskarsa da wuyansa. Ya kankare sandar tun daga wannan kai har wancan, ƙarfe ya fito fes, sumul, ba ko ƙwarzane. Mai lantarki ta miƙo guduma, ya buga, ƙarfen ya amsa tangaran.

"Saura minti goma," in ji Manaja.

Mai fenti ya tsaya a kan tsanin da gudumar a hannu. Ashe jijiyar ce. Ya tona wa kansa asiri a banza, kuma tsagar, in akwai ta, tana can cikin sauran ashirin da uku tana jiran yara. Ya tsura wa farar lambar da ke jikin kwandon ido, sha bakwai, rubutun hannunsa, har da ɗan lanƙwasar da yake yi wa bakwai.

Rubutun hannunsa. Ranar Alhamis ya rubuta lambobin nan, bayan ja ya rufe tsofaffin, kuma daga kwandon da ya tarar a ƙasa ya fara ƙirga ɗaya. Baba Kunne bai taɓa ganin su ba.

"Tsohuwar lamba," ya ce da Mai lantarki. "Ina ake ganin tsohuwar lamba?"

"A ƙarƙashin kujera, an buga ta a jikin ƙarfe." Ta riga ta shige cikin kwandon ta kwanta rigingine. "Wannan na shida ne."

Suka sake turawa. Ba wanda ya jira umarni, har mai gadi ya bar ƙofa ya sa kafaɗa. Kowane kwando ya sauko sai ta leƙa ta kira lamba, Manaja na tsaye ya daina kallon agogo. Da ta ce sha bakwai, Mai fenti ya hau, bai ma fara da magogi ba, guduma ya buga. Ƙarfen ya ce ƙwas, kamar an taɓa fasasshen kwano.

Ya kankare. A gindin walda, inda sandar ta haɗu da jikin lilon, ga ta nan, siririya kamar gashi, ta zagaye fiye da rabin sandar. Fentinsa ya cike ta tsaf, ya yi mata kyau.

Manaja ya hau tsanin da kansa, da takalmansa masu sheƙi. Ya sa farce a tsagar ya bi ta. Da ya sauko sai da ya zauna a kan bokitin fenti, ya goge fuska da hannu biyu.

"Mutum shida," ya ce, ba da kowa yake ba. Can ya ɗago. "A rubuta a ƙofa, Babban Lilo a rufe yake. Sauran wasanni su yi aiki. A kira mai walda, a kira injiniya, duka ashirin da huɗun za a kankare." Ya dubi Mai fenti. "Kai kuma Litinin ka same ni a ofis. Yanzu je ka faɗa wa Baba Kunne."

Ƙarfe ɗaya ta wuce lokacin da ya shigo layinsu. Tun daga nesa ya ga ƙofar gidan a buɗe, ya ga takalma birjik a bakin ɗakin, na maƙwabta da na waɗanda bai sani ba. An kashe fankar. Ya tsaya a tsakar gida, ja tun daga gashi har yatsu, ya kasa ƙarasawa.

Inna ce ta fito. Idonta a bushe yake.

"Ka fita da kaɗan ya cika," ta ce. "Ko bakin titi ba ka kai ba."

Ya durƙusa a wurin, hawaye na bin jan ƙurar da ke fuskarsa.

"Ka samu?"

"Na samu, Inna. Sha bakwai ne. Yadda ya faɗa."

Ta ɗaga hannunta na dama tana kallo, ta juya shi, ta sake juyawa.

"Ashe ba jijiya ba ce," ta ce. "Ashe jiya wuni guda magana yake yi mini, ni kuwa ina ta ce masa ya huta."

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗauko buta a gindin famfo ta ce ya miƙo hannu, ba zai shiga wurin Baba da wannan dattin ba. Ya miƙa. Ruwan na sauka a yatsunsa, jan na bin siminti a hankali yana gangarawa magudana. Hannun ya fita tas, ita kuwa tana ta zubawa, har butar ta ƙare a hannunta tana karkace.