Babur ɗin Jaye a Kan Kwalta

Tayar gaba tana taɓa kwalta, Buba ya ji babur ɗin ya canja hali. A cikin rairayi ya san shi: ka matsa masa, ka saki ƙafafu, ya yi ta rangaji yana tafiya. Nan kuwa ƙasa ta yi tauri, abin ya zabura kamar maraƙin da aka kwance. Kafin ya gyara zama, wata tirela ta taso ta bayansa ta danna oda, iskarta ta ture shi gefe har sandar da ya rataya a baya ta bugi ƙeyarsa. Buba ya gangara bakin hanya ya kashe injin.

Usmanu mai faci, wanda rumfarsa take daidai inda hanyar Gidan Sori ta haɗu da babban titi, ya riga ya gani. Ya ajiye tayar da yake dubawa ya taso.

"Baffa, ina za ka da wanga moto? Yau hwa kasuwar Gidan Rumji ta, hanya cike take."

"Can za ni."

"Ka taɓa hawa kwalta?"

"Hanya ai hanya ce," in ji Buba.

"Wallahi ba ɗaya ba ne. Akwai tudun nan na gaba mai kwana-kwana, ko mu muna jin shi. Aje moton nan, ka jira mota."

Motocin da suke wucewa kuwa duk a cike suke maƙil, har da mutane a kan kaya, babu wadda ta ko rage gudu. Buba ya dubi inuwarsa, ya ga ta fara shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Ya yi wa Usmanu godiya ya tayar da babur. Ya so ya tambaye shi yadda ake shan kwana, amma dattijo mai furfura ya tsaya yana koyon tafiya a bakin titi, abin ya yi masa nauyi.

Babur ɗin na ɗansa ne, Jaye. Shekarar da ɓarayi suka kore musu shanu Jaye ya jingine shi a bayan bukka ya bi manyan motoci, ya zama yaron mota. Shi ne ɗan fari, don haka Buba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama ya kalle shi ido da ido ba. Haka ya taras ana yi, haka ya yi. Duk maganar da take tsakaninsu ta bakin Habsatu take bi, uwar yaron: "Ki ce wa wancan ya kai su rijiya." "Ki ce wa Baffa na dawo." Da damina Habsatu ta rasu, Jaye yana can wata ƙasa. Tun daga nan in ya bugo waya sai su gaisa, su yi shiru, har kiran ya yanke. Buba ya koyi babur ne shi kaɗai a bayan ruga, saboda ba shi da wanda zai aika, kuma saboda gidan ya yi masa shiru da yawa.

Jiya Jaye ya bugo ya ce motarsu za ta tsaya Gidan Rumji su yi azahar, daga nan sai gabas, can nesa, bai san ranar dawowa ba. Bai ce a zo ba. Buba ma bai ce zai je ba. Amma ya kwana da maganar da Habsatu ta yi masa a ciwonta na ƙarshe: "In ya zo ka dube shi. Ya zama babban mutum, ba ka san fuskarsa ba."

Tudun da Usmanu ya faɗa ba wani dutse ba ne. Direbobin da suka san manyan duwatsu dariya suke yi in an kira shi hawa. Amma hanyar tana hawa a karkace, ta lanƙwasa hagu, ta lanƙwasa dama, ba ka ganin abin da ke tahowa sai ya iso gabanka, gefenta kuma duk tsakuwa ce da zaizayar ruwa. 'Yan kabu-kabu suna wuce shi fiu, ɗaya har ya waiwayo yana dariya. Amalanken shanu a gaba, motar buhuna a baya tana huci. Buba ya ƙanƙame kan babur kamar ya kama ƙahon bijimi, kuma duk yadda ya ƙanƙame sai abin ya ƙara ƙin juyawa.

A kwana ta biyu wata gingimari mai ɗauke da albasa ta ɓullo, ta ci rabin hannunsa. Ya zuba mata ido. Yana kallonta babur yana nufarta, kamar ita take jan sa. Sai jikinsa ya yi abin da ya saba yi tun yana saurayi: ya saki hannun dama ya ɗaga sama, ya daka mata tsawa. Haka yake tsayar da motoci in zai ƙetare titi, kuma suna tsayawa. Sai da ya ji shi a cikin tsakuwa, babur a kan ƙafarsa, sannan ya tuna cewa ba don shi suke tsayawa ba. Don shanun da ke bayansa ne.

Gingimarin ta wuce, ƙamshin albasa ya biyo ta. Babu wanda ya tsaya. Ya janye ƙafarsa, gwiwar ta ɗaye, jini yana bin ƙaurinsa. Ya zauna a bakin hanya yana kallon motoci suna wucewa cike da mutane, kowa da wanda yake hira da shi, kaɗaici ya kama shi irin wanda ko a tsakiyar daji bai taɓa ji ba. Ya ji kamar ya juya. Sai ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure gwiwar, ya ɗaga babur. Madubin ya juye yana kallon sama. Sauran hanyar a giya ɗaya ya yi ta, ƙafafu a ƙasa, yana jan su a gefen kwalta.

Ko da ya shiga Gidan Rumji an daɗe da sallame azahar. Manyan motoci sun yi layi a bakin tasha, ɗaya ta riga ta tayar tana fitowa kan titi. A jikin ƙofarta wani dogon mutum ne ya maƙale, ya ba shi baya. Buba ya gane wuyan, ya gane yadda yake karkatar da kai. Sunan ya zo masa har baki ya tsaya. Hayaniyar kasuwa ta cika wurin, motar tana ƙara nisa.

Sai ya ɗaga kai ya yi kiran da yake yi wa shanu da yamma, dogon kira mai karyewa a ƙarshe. Masu sayar da rake suka waiwayo. Wata mata ta yi dariya. Mutumin da ke jikin ƙofa ya daki motar da tafin hannu har sau uku, ta tsaya.

Jaye ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa. Suka gaisa, Buba yana kallon wata bishiya can gefe. Sai Jaye ya matsa kusa da babur ɗin ya shafa inda ya ƙuje, ya ga rawanin da ke ɗaure a gwiwar Buba. Ya kama madubin ya murɗa shi ya dawo daidai.

"Wanga moto," in ji shi, yana magana da tankin mai, "inda aka duba nan yake tahiya. Mai hawanshi ya bar kallon babbar mota. Ya dubi inda yake son zuwa."

Buba ya ɗora hannu a kan sirdin. "Moton ya ji," ya ce. "A gaya wa mai shi ana ba shi mai, ana rufe shi in za a yi ruwa. Yana nan yana jira."

Jaye ya goge fuska da hannun riga. Direba ya danna oda. Jaye ya ruga ya yi magana da shi ta taga, sun ɗan ja, sannan ya dawo.

"Hanyarmu ɗaya har mararraba. A shiga gaba."

Haka suka fita daga garin, tsoho a kan babur a gaba, babbar mota a bayansa tana tafiyar amalanke, ta tare hanya. Motoci suka taru a baya suna ta oda, direban bai kauce ba. Da suka iso tudun, Buba ya sa ido can inda kwanar ta ƙare, babur ya bi ta lafiya lau, har abin ya ba shi haushi. Ya sha ta biyu, ya wuce inda ya faɗi.

Da hanya ta miƙe sai ya saci kallon madubi. Jaye yana maƙale a ƙofa, ya leƙo da kai, idonsa a kan tayar baya. Ya yi gemu. Akwai tabo a goshinsa wanda Buba bai san da shi ba. Hancin na Habsatu ne sak. Buba ya dubi hanya, ya sake duban madubi, ya sake, har rumfar Usmanu ta bayyana.

Ya sauka kan rairayi ya tsaya. Motar ta yi oda ɗaya ta wuce, layin motoci ya bi ta. Usmanu ya taso yana tafa hannu.

"Baffa, ka dawo da ranka! Wa ya gyara maka madubi? Ya yi ƙasa da yawa, kawo in ɗaga maka."

Buba ya rufe madubin da tafin hannunsa.

"Bar shi yadda yake," ya ce.