Babur Mai Haki

Bakaniken da ake kira Dogo yana tsugune a rumfar garejinsa, hannu dumu-dumu da baƙin mai, sai ya jiyo ƙarar babur ɗin da ya fi gundurarsa a duniya. Ko kai bai ɗaga ba. Ya san muryar salansar, don shi ya ɗaura ta.

Kawunsa ne, ƙanin mahaifiyarsa. Tun da tsohon ya ajiye aiki ya sayi gona can ƙololuwar duwatsu, ya koma noman kabeji da dankali, Dogo bai sake shan ruwa da daɗi ba. Shi ya zaɓa masa babur ɗin, kuma a ranar bakinsa ya yi masa ƙaiƙayi har ya ce, "Kawu, wannan ko bango kuka nuna masa zai hau."

"Ɗan nan, ga gawarka na dawo maka da ita," in ji Kawu, yana kafe babur a tsakiyar hanyar shiga.

"Sannu da zuwa, Kawu. Me ya yi kuma?"

"Me bai yi ba? Tari, atishawa, baƙin hayaƙi. In na murɗa totur sai ya yi kamar ina roƙonsa. Jiya wata tsohuwa da itace a ka ta wuce ni a hawa, har da yi mini sannu."

Dogo ya goge hannu, ya buga kik. Bugu ɗaya injin ya tashi, yana ƙara lafiya lau. Ya hau, ya zagaya bayan kasuwa, ya miƙe titin da ya bi gefen gada, ya ba shi wuta har rigarsa na kumbura. Babur kamar ya tashi sama. Ya dawo ya sauka a gaban Kawu.

"Kunyarka yake ji," in ji Kawu. "Munafuki ne."

Abin da ke ci wa Dogo rai ke nan. Ba yau aka fara ba. Ya sake fulogi, ya wanke kafireto mai haɗa fetur da iska, ya sa sabuwar matatar iska, ya zubar da man tanki kaf don ko an haɗa shi da ruwa. Har injin ya taɓa kwancewa ya duba fistin, ya tarar da shi tas. Duk zuwan Kawu fulogin na zuwa baƙi ƙirin, duk gwajin Dogo babur na gudu garau. Maƙwabtansa na gareji sun mai da abin wasan kwaikwayo. Mai faci da ke gefe, da ya hango hular Kawu, sai ya jawo benci ya gyara zama.

Da yamma mahaifiyar Dogo ta kira shi a waya.

"Wai me ƙanina ya yi maka? Ya ce ka gyara na kowa ka bar nasa."

"Inna, wallahi lafiyar babur ɗin nan ƙalau."

"To, ƙarya yake yi ke nan? Da furfurarsa?"

Dogo ya cije leɓe. Washegari da safe ya rufe gareji, ya zuba sifana da sukudireba a jaka, ya haɗa da gwangwanin da yake tara ƙananan kayan kafireto. Ya ce da Kawu, wanda ya kwana a gari, "Ku hau baya. Yau sai na ga aljanin nan da idona."

Da farko tafiya ta yi daɗi. Sun wuce gonaki, sun wuce wata ma'aikatar fasa dutse, hanya ta fara lanƙwasa tana hawa. Dogo har ya fara shirya maganar da zai gaya wa Inna. Kawu kuwa yana baya yana ba da umarni: a bi ta nan, a kauce wa ramin can, a rage gudu, a ƙara gudu.

Can da suka yi nisa, iska ta yi sanyi, itatuwa suka gajarce, sai Dogo ya ji injin ya yi wani nauyi. Ya rage giya. Aka ɗan jima, ya sake ragewa. Ya murɗa totur har ƙarshe, babur ya amsa da "bu-bu-bu", kamar mai magana da ruwa a baki. Ya waiga, ya ga baƙin hayaƙi na bin su.

"Yauwa!" Kawu ya daki kafaɗarsa da murna. "Ka gani? Ka gani ko? Ashe ba ni da taɓin hankali!"

A wani hawa mai tsayi, babur ya yi tari ya mutu. Dole suka sauka. Dogo ya kama kan babur yana turawa, Kawu na biye da shi, hannu a baya, yana ba shi labarin yadda kabejinsa ya yi kyau bana. Ba su yi wata tafiya ba Dogo ya ji ƙirjinsa na bugawa. Shi da yake ɗaga inji shi kaɗai, ga shi yana haki kamar wanda kare ya koro. Yana jan numfashi, amma kamar ba ya isa ciki.

Ya jingina babur da dutse ya zauna a ƙasa. Ya dubi babur, ya dafa ƙirjinsa, ya sake duban babur.

"Kawu, ku ma haka kuke haki a nan?"

"Da na zo sabo, ƙwarai. Ko buta na ɗauka sai na huta. Yanzu jiki ya saba."

Dogo ya kwance fulogi. Wanda ya sa fari tas, ga shi ya yi baƙi, ya jiƙe da fetur. Sai abin ya faɗo masa gaba ɗaya, har ya ji haushin kansa. Inji da iska yake ƙona mai. A nan sama iskar ba ta da kauri, kafireto kuwa bai san an hau dutse ba, yana ta zuba mai daidai na ƙasa. Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, inji ya shaƙe. Shi kuma yana can ƙasa yana neman cutar a inda ba ta zuwa.

Da kyar suka ƙarasa gidan gonar, turi rabi, hawa rabi. A tsakar gida Dogo ya shimfiɗa buhu, ya kwance kafireto, ya zazzage gwangwaninsa yana tona har ya sami jet mai ƙaramar ƙofa, wato ɗan ƙarfen da mai ke bi ya shiga inji. Ya sauya shi, ya sauke allurar kafireton, ya daidaita sukurun iska. Yatsunsa sun ƙage don sanyi, ƙaramin sukuru ya faɗi cikin ƙasa, ya yi ta lalube yana ƙunƙuni.

Yana cikin haka wata maƙwabciyar Kawu, mai kiwon kaji, ta shigo aron garma. Ta gaishe su, ta leƙa abin da yake yi.

"Au, sai yau za a rage masa man? Ai duk babur ɗin da ya hawo nan sai an yi masa haka. Tun makon da Baba ya tare maigidana ya gaya masa. Har ya ce ya kawo a kai wa mai gyaranmu na bakin kasuwa."

Dogo ya ajiye sukudireba a hankali. Ya juya ya dubi Kawu.

"Kawu, an gaya muku?"

"An faɗa."

"Tun farko?"

"To, shi mijin nata direban tarakta ne, me ya sani a babur? Kuma ina da ɗa bakanike, sai in kai wa bare? A ce me a dangi?"

"Amma ko a bakinku ai sai ku gaya mini abin da suka ce!"

"Kai da sana'arka, ni zan koya maka?"

Maganganu suka zo wa Dogo, amma babu ko ɗaya da za a iya gaya wa ƙanin uwa. Ya sunkuya ya ɗaure kafireto da ƙarfin da ya fi wanda ake bukata.

Da ya buga kik, injin ya tashi da murya wasai, hayaƙin ya washe. Kawu ya hau, ya haura tudun bayan gida, ya dawo yana taɓe baki.

"Ya yi dama. Amma bai kai yadda yake a ƙasa ba."

"Ba zai kai ba, Kawu. Mai na rage, iska kuwa ba ni ke yin ta ba. Kuma in za ku sauko gari, ku bi shi a hankali, don can man zai yi masa kaɗan, zai riƙa zafi."

"Wato ka gyara shi a sama, ka ɓata shi a ƙasa."

"Haka ne," in ji Dogo, don ya gaji.

Kawu ya so ya mai da shi gida a kan babur, Dogo ya rantse ba sai ya wahalar da kansa ba. Maƙwabciyar ta yi masa magana da direban wata motar kabeji mai sauka gari. Gaba ya cika, sai a baya aka sama masa wuri, bisa buhuna. Kawu ya tura masa ƙullin dankali ya ce a kai wa yayarsa, a kuma gaya mata ya yafe wa ɗanta.

Mota ta fara gangara. Dogo ya rungume jakar kayan aikinsa, sanyi na ratsa rigarsa, kunnuwansa na toshewa suna buɗewa. Can ƙasa ya hango rufin kwanon gari na ƙyalli cikin rana. Wani mai lodi da ke zaune kusa da shi ya tambaye shi ko ziyara ya zo.

"Aiki," in ji Dogo. Ya gyara zama a kan kabeji, ya rufe ido.