Ki Ce Ta Kuɓuce Miki

Hannun mai ɗinkin lafiyarsa ƙalau in dai almakashi ne ko zare. Amma tun da 'yarta ta cika shekara uku, da zarar yarinyar ta miƙo mata hannu a bakin titi, sai na damanta ya mutu murus, kamar na aro. An yi hoto, an ɗibi jini, ba a ga komai ba. Shi ya sa mijinta ya kawo ta wurin likitar ƙwaƙwalwa. Gobe zai yi tafiyar wata guda, kuma ita ce za ta riƙa tsallaka babban titi da yarinyar zuwa makaranta, safe da rana.

Likitar irin mutanen nan ce masu ƙona rai, waɗanda ba sa cewa uffan sai ka gaji ka tona kanka. Fanka na ƙara a sama, ita kuwa sai juya biro take yi.

"Malama, kin ce kin taɓa yin ƙanwa."

"Auta. Ta rasu tana da shekara uku, ni ina da tara. Mota ce. Muna tsallaka titi ta kuɓuce mini."

Shekara ashirin da biyar tana faɗin haka, bakinta ya saba kamar karatun hadda.

"Yaya take, Autar?"

Mai ɗinkin ta yi dariya. "Rigimammiya! Komai nata ne. Cinyar Mama tata, naman miya nata, in ta fasa kofi ni za a daka. Ranar ma cizona take ta yi a hanya, wai sai na goya ta. To da na sake ta..."

Biron ya tsaya.

"Da ta kuɓuce, nake nufi."

"Na ji," in ji likitar. "Wa ya fara cewa ta kuɓuce miki?"

Tsoro ya kama mai ɗinkin. Ta ga mahaifiyarta durƙushe a gabanta ranar, mutane cike da tsakar gida, ta damƙe mata kafaɗu tana raɗa: ki ce ta kuɓuce miki, kin ji? Ashe Mama ta sani. Ta kuma tuna abin da ya fi wannan muni: sanyin da ta ji a ranta lokacin da ta buɗe yatsunta, kafin ƙarar birki.

"Yarinya ce ke a lokacin," in ji likitar a hankali. "Ki dawo ranar Laraba, kada ki fasa."

Laraba kuwa da sauran kwana biyar.

A waje mijin na jira da yarinyar, tana ta ƙananan kuka wai sai an goya ta. Suka isa bakin titi, motoci na wucewa fuu. Wayarsa ta yi ƙara, ya tura mata hannun yarinyar ba tare da ya duba ba.

Abin mamaki, hannun nata na dama ya kama. Ya kama da ƙarfi, har yarinyar ta tsala ihu, ta sunkuya ta kafa mata haƙora a bayan hannu, daidai tsohon tabon cizon Auta.

"Haba, Maman yarinya, za ki karya ta ne?" in ji mijin, wayar na kunnensa. "Sake ta mana."

Ta ji yatsunta sun fara buɗewa.